Kwantaccen Cikin Rakiya

Hawwa ta shekara uku a duniya, tana gudu tana kiran sunan kowa a gidan, amma cikin uwarta bai koma ba. In Rakiya ta tsaya, sai ka rantse wata biyar gare ta. In ta kwanta rigingine, ya baje gefe da gefe kamar ƙullu a ƙwarya. In kuwa ta yunƙura za ta tashi, sai wani tudu ya taso mata tun daga ƙahon zuci har cibiya, dogo kamar kunyar gona.

Wannan tudun shi Jummare ke jira kowace safiya. Jummare yayar mijin Rakiya ce. Tun da nata mijin ya rasu ta dawo gidan ubansu a Gadarif, ita ke riƙe da makullin ɗakin hatsi, ita kuma ke da magana.

"Kin gani? Ya motsa!" in ji ta, tana tafa hannu. "Miƙa yake yi. Masha Allah. Jinin gidanmu ne, ba ya gaggawa."

A gidan akwai labarin da kowane yaro ya haddace. Wai Mahmudu, mijin Rakiya, shekara huɗu ya yi a cikin uwarsa. An yi fari sai cikin ya kwanta, bai tashi ba sai da damina ta gyaru. Shi ya sa har gobe Jummare ba ta kiransa sai da Shekarau. To, da cikin Rakiya ya ƙi komawa bayan haihuwarta ta shida, ba a nemi wani bayani ba. Ciki ne ya kwanta. Namiji ne, ya biyo ubansa.

Rakiya ta faɗa tun farko cewa duk wata tana fashin salla. Jummare ta ce ai wannan jinin shi ke hana shi girma, ran da ya tsaya za a sha mamaki. Rakiya ta ce ƙugunta kamar an ɗaura mata dutsen niƙa. Aka ce nauyin ɗa ne. Abin da ba ta iya faɗa ba shi ne, in ta yi tari ko atishawa sai ta sake zane ta sake alwala. Wanda ya fi ci mata rai kuwa Hawwa ce. Yarinyar takan zo ta miƙa hannuwa sama ta ce, "Umma, ɗauke ni," sai Rakiya ta tsuguna ta rungume ta a ƙasa, ta yi kamar wasa ne.

Ran wata Talata Hawwa ta tashi da zazzaɓi, Rakiya ta kai ta ƙaramin asibitin unguwa, wanda ake ce wa markaz. Ungozomar wurin, Ummuhani, Bahaushiya ce ita ma, doguwa, mai magana kamar tana faɗa alhali ba faɗa take ba. Ta gama da yarinya, ta dubi uwar.

"Wata nawa?"

Rakiya ta sunkuyar da kai. "Wai shekara uku."

"Wai? In ji wa? Hau gadon nan, ya uhti, 'yar'uwata."

Ta gwada fitsari, ta sa abin saurare, ta zagaya cikin duka. Sannan ta ce ta ɗago kai kaɗan kamar mai leƙen ƙafarta. Tudun ya taso. Ummuhani ta jera yatsu a saman cibiya ta danna, sai ga yatsu huɗu sun nutse gaba ɗaya kamar a cikin kunu.

"Ya salam! Ma fi ɗa, babu ɗa a nan, Rakiya. Babu komai sai hanjinki. Kawo hannunki ki ji."

Rakiya ta taɓa. Dama akwai gefe mai tauri, hagu akwai gefe mai tauri, tsakiya rami.

"Naman ciki tsagi biyu ne, akwai abin da ya haɗa su a tsakiya kamar ɗinkin buhu. Haihuwa a kan haihuwa, ga ɗaukar kaya tun jiki bai koma ba, ɗinkin ya saki. Ba a sha masa ƙwaya, ba a sha masa rubutu. Koya masa aiki ake yi daga farko, kamar yaro mai tatata. Ya daɗe, saboda haka zai ci watanni, amma yana jin magana."

Ta sa ta tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafa a kan gado. Ta ja numfashi har haƙarƙari ya buɗe, ta sake shi a hankali kamar mai hura garwashin dafa jabana, wato gahawa, tana janye cibiya ciki. Sau goma da safe, goma da rana, goma da yamma. In za ta tashi kada ta yunƙura, ta juya gefe ta dogara da hannu.

"Kuma kada ki ɗauki abin da ya fi butar alwala."

Rakiya ta yi dariyar da ba ta shirya ba. "Butar alwala? A gidanmu?"

Ummuhani ba ta yi dariya ba. Ta sa kan ɗan yatsa a cibiyar, ya shige. "Kin ji wannan ƙofar? Yau ƙarama ce. Ran da kika ɗaga abin da ya fi ƙarfinki, hanji zai leƙo ta nan. In ya maƙale, sai wuƙar likita, in an kai ki da wuri ke nan. Fahimti? Kin gane?"

Ta ba ta wata damara ta farin yadi mai faɗi, ta nuna mata yadda za ta naɗe cikin in aiki ya zama dole.

Kwana tara Rakiya tana yi a ɓoye. Bayan azahar, in gida ya yi shiru, sai ta tura ƙofa ta shimfiɗa tabarma. Da farko ba ta jin komai, kamar tana kiran wanda ya yi ƙaura. A rana ta tara, tana fitar da numfashi, tafin hannunta a ƙasan cibiya, sai ta ji wani abu ya ɗaure can ciki, siriri kamar zare. Ta sake, ya sake amsawa. Hawaye ya gangaro mata zuwa kunne tana murmushi.

A nan Jummare ta turo ƙofa tana neman rariya.

Ta ga mace kwance da rana tsaka, gwiwoyi a sama, ciki naɗe da farin yadi, tana zuƙe shi ciki.

"Innalillahi! Me kike yi wa ɗan mutane?"

"Yaya, babu ɗa. Ummuhani ta duba, ta ce naman ne ya..."

"Ummuhani! Wadda aka haifa ina goyon Shekarau? Ta taɓa ganin kwantaccen ciki a cikin littafinta? Shaƙe shi kike yi! Kina jan cibiya, kin san ta nan yake shan iska?"

Ta warware damarar da hannunta, ta kai ɗakin hatsi ta kulle. Daga ranar ta hana rufe ƙofar ɗakin Rakiya da rana. Wai iska ta riƙa shiga.

Mahmudu ba mugun mutum ba ne, kowa a unguwa zai faɗa maka. Wakili ne a ɗaya daga cikin manyan gonakin Simsim da tarakta ke nomewa, kuma ko leburan gona ba su taɓa jin ya ɗaga murya ba. Rakiya ta same shi da la'asar a ƙarƙashin rumfa yana shan jabana. Ta durƙusa da ƙyar.

"Baban Hawwa, ka sa hannunka ka ji. Yatsu huɗu ne ke shiga. In akwai ɗa, ina yake?"

Ya janye hannun. "Wannan harkar mata ce. Yaya ta fi mu sani."

"To mu je markaz ka ji da kunnenka."

"Rakiya, in na ce ciki ba ya kwanciya, me na ce ke nan? Na ce Inna ta yi ƙarya tana kabarinta? Ni nan da kike gani, haka na zo."

"Ni ban ce komai a kan Inna ba. A kaina nake magana."

"Kwayyis, kwayyis, na ji. Ki yi haƙuri a yanke riɗi. Da an yanke, wallahi da kaina zan kai ki babban asibiti."

Bara ma haka ya ce, a kan ciwon ƙugu. Da aka yanke riɗi, sai dawa ta nuna.

Riɗi kuwa ba ya jiran kowa. In ya nuna aka yi sakaci kwana goma, kwanson ya fashe, ƙwaya ta tsiyaye cikin tsagar baƙar ƙasa, shi ke nan wahalar damina ta tafi. Saboda haka farkon watan goma gidan ya kwashi tukwane ya koma kambo, wato bukkokin ciyawa da ake kafa wa lebura a bakin gona. Mutum arba'in Mahmudu ya ɗebo, wasu daga Fau, wasu ta wajen Gallabat. Tuwonsu sau biyu a rana yana wuyan gidan wakili. Gidan wakili kuwa mata biyu ne, ɗaya tana da ciwon gwiwa.

Jummare kan zauna a inuwa tana yankan albasa tana dakan busasshiyar kuɓewa. Rakiya ke janyo jarkokin ruwa daga inda tarakta ta sauke su. Ita ke tuƙa tuwo a cikin halla, tukunyar ƙarfen da Hawwa ke ɓuya a ciki in an wanke. Muciyar ta kusa kai tsawonta. Duk juyi ɗaya sai tudun ya taso ƙarƙashin riga, ƙugu ya amsa. Da ta rasa damara sai ta riƙa ɗaure zane tamau a ƙasan cibiya, Jummare ta gani ta sa ta sassauta.

A kwana na huɗu ta ajiye muciya ta je ta tsaya gaban Jummare, gumi na ɗiga daga haɓarta.

"Yaya, don Allah ki zaɓa mini ɗaya."

"Ɗaya a me?"

"In ciki gare ni, mai ciki ba ta ɗaga halla ita kaɗai. A samo wanda zai kama mini. In kuwa ba ni da ciki, ki ba ni damarata, ki bar ni in yi abin da aka ce in yi. Ko wanne kika zaɓa na yarda."

Jummare ba ta ko ɗago ba. "Kwantaccen ciki ba ya hana aiki. Inna da cikin Shekarau ta yi shekara huɗu tana yankan dawa."

"Amma kwanciya a tabarma in yi numfashi, shi zai kashe shi?"

"Shi aiki ya saba da shi. Matsa ce bai saba ba. Ke dai kin samu wadda ta rubuta miki lalaci a takarda. Je ki, tuwonki zai kama."

Rakiya ta juya wajen mijinta, wanda ke ɗaura rawani zai koma gona. Ya ji komai. Ya dubi sama ya ce hadarin can na gabas bai yi masa ba, in ruwa ya sauka a kan riɗin da aka jingine an shiga uku. Ya tafi.

Kwana na takwas da hantsi tuwo ya nuna. Ta naɗe hannuwa da tsumma ta kama kunnuwan halla, ta riƙe numfashi ta ɗaga. Sai ta ji wani abu ya ɓalle a cibiya, ba da ƙara ba, kamar maɓallin riga. Ta dire tukunyar, ba ta zubar ba, don ko a lokacin tuwon mutum arba'in take tunani. Ta ɗaga riga. Wani ƙullutu ne kamar lemun tsami, mai tauri. Ta danna, ya ƙi komawa. Kafin ta kai bukka amai ya zo.

Jummare ta leƙo ta ga tana murƙususu, sai ta rangaɗa guɗa.

"Ya tashi! Naƙuda ce! Shekarau, ɗanka ya tashi!"

Ta ɗora ruwan zafi, ta nemo sabuwar reza da zare, ta kori Hawwa waje. Mahmudu ya zo da gudu ya tsaya a bakin bukka.

"Baban Hawwa," in ji Rakiya, muryarta kamar daga rijiya, "hanji ne. Ta ce in ya maƙale a kai ni da wuri."

"Kowace mai naƙuda haka take sambatu," in ji Jummare. "Fita, nan ba wurin maza ba ne."

Ya fita. Ya dawo da azahar ya tambaya, aka ce saura kaɗan. Lori ɗaya ne a kambo, kuma ranar an sa shi kwasar riɗin da aka kakkaɓe kafin hadari ya iso. Ya ce da an yi sawu biyu za a duba.

Direban lorin, Zakari, dattijo ne ɗan Fau mai farin gemu. Da la'asar ya zo shan ruwa, ya ga kwanon da aka fito da shi daga bukka. Ya tsaya ya duba da kyau.

"Ya wakil, haihuwa tara aka yi a gidana. Ban taɓa ganin naƙuda mai koren amai ba."

"Yaya ta ce..."

"Yayarka ta ce, ni kuma na gani. Halas, magana ta ƙare. Ko ka ɗauko ta, ko in shiga in ɗauko ta, ka kore ni gobe."

Ya zubar da buhunan da aka riga aka loda a nan ƙasa. A kan buhu biyu da ya bari aka kwantar da Rakiya. Duk ramin da lori ya faɗa tsakanin Simsim da Gadarif, sai da ta san da shi. Jummare tana gefenta, reza ƙulle a bakin mayafi.

Washegari da hantsi likitar da ta yi aikin ta kira Mahmudu bakin gadon. Rakiya ta farka, tana ji. Likitar ta ce hanji ne ya maƙale a cibiya, har wani yanki ya mutu, ta yanke kamar taƙi guda. Ta ce da an ƙara rabin yini, da ba wannan maganar ake ba.

Mahmudu ya murza hularsa. "To, diktora, yaron fa?"

"Wane yaro?"

"Na cikin."

Ta dube shi, ta dubi Rakiya. Ta yi masa bayani da Larabci dalla-dalla, ta maimaita: mahaifa babu kowa, ba yau ba, ba bara ba. Ta ce ƙofar cibiya ta ɗinke, amma naman ciki sai an gina shi a hankali. Wata uku cur, ko jarka rabi kada ta ɗaga, in ba haka ba ɗinkin zai buɗe. Ya ce ya ji. Ya ce wallahi ya ji.

Da ya fita ya gaya wa Jummare, har cikin ɗakin Rakiya ta jiyo salatinta. "Sun cire shi! Sun yanka sun cire shi, sun ce hanji!"

Bayan mako guda aka sallame ta. Tun daga ƙofar gida ta ga takalman mata jere. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ana zagayawa da shayi. Ta ɗauka barka da arziki aka zo yi mata. Sai wata tsohuwar maƙwabciya ta kama hannunta biyu.

"Sannu, 'yar nan. Allah ya ba da haƙuri. Shekara uku ana jira. Allah ya sa mai ceto ne."

Ta bi fuskokin da kallo. Wasu har da hawaye. Ɗaya ta raɗa wa ta kusa da ita cewa ai ɗaure shi ta riƙa yi da yadi, ungozomar markaz ce ta zuga ta. Babu wadda ta tambayi hanji.

Mahmudu na tsaye a bakin zaure da ledar magani.

"Baban Hawwa," ta ce, ba da ƙarfi ba, amma tsakar gidan ta yi tsit. "Kana wurin. Gaya musu abin da diktora ta ce."

Ya dubi yayarsa. Ya dubi ledar hannunsa.

"Allah ne masanin abin da ke ciki," in ji shi. Ya ajiye ledar a kan turmi ya fita wajen maza.

Rakiya ta buɗe baki za ta faɗa da kanta. Sai ga Jummare ta fito daga ɗakin hatsi, idanu jajur, farar damarar nan a hannunta, an wanke an ninke.

"Abin da ya faru ya faru, ni na yafe," ta ce. "Mai ɓari kamar mai jego ce. Kwana arba'in ba ki taɓa ko tsintsiya. Ku kama ta ku kwantar. A yanka kazar nan. Ɗaga hannu in ɗaure miki, ciki ba ya son a bar shi sake."

Da hannunta ta naɗa, a hankali, tana kauce wa ɗinki, daidai yadda Ummuhani ta nuna. Ta gyara matashi. Ta ce a rufe mata ƙofa kada a dame ta.

Rakiya ta kwanta tana kallon rufin kwano. Kwana da kwanaki tana roƙon tabarma da rufaffiyar ƙofa da wannan yadin, tana raye, tana magana, tana nuna wurin da yatsa, ba a ba ta ba. Yau an ba ta duka har da romon kaza, saboda wanda ba a taɓa halitta ba. In ta ce babu shi, da safe za a miƙo mata tsintsiya.

Wata mata ta leƙo. "Allah ya mayar da alheri, Rakiya."

Ta shafa damarar da ke cikinta. Sannan ta ce, "Amin."

Da ɗakin ya yi shiru Hawwa ta shigo ta miƙa hannuwa. Rakiya ta ce ta zo ta kwanta nan kusa. Ta ɗora tafin hannu a kan damara, ta ja numfashi kaɗan iya inda ɗinki ya bari, ta sake shi a hankali. Can ƙasa, zaren nan ya amsa.

Ta tagar tana jin Jummare a tsakar gida tana kankare halla da toka, tana gaya wa mata:

"Allah ma ya gyara lokacin. Tana cika arba'in, dawa na nuna."